Motar Da Aka Rufe Wa Baki

Ranar wata Alhamis cikin watan Oktoban 2021, na taso daga Katsina bayan sallar La'asar zan koma Dutsin-Ma, ɗauke da maiɗakina da yara biyu da kuma wata gwaggona da muka kai asibiti. Tafiyar kimanin kilomita 60 ce, wadda ko guzuri ba a yi mata. Mun wuce Kurfi da kaɗan sai na ji motar ta yi nauyi, ina taka totur tana ja da baya, can kuma sai wani ƙauri ya cika mana hanci. Na kai idona kan allurar da ke nuna zafin injin, na tarar da ita kwance a ƙasa kamar yadda ta saba, wato dai a faɗarta komai lafiya lau. Ban ƙara tafiyar minti biyu ba injin ya mutu, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet.

Duk wanda ya zauna a wannan yanki a wancan lokaci ya san abin da tsayuwa a bakin hanya dab da magariba ke nufi. Tun cikin watan Satumba na shekarar aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki. Ga waya a hannu amma ba ta da maraba da dutse. Gwaggo tana ta salati, yara sun yi tsuru-tsuru, ni kuwa ina tsaye ina ɗaga wa motoci hannu, kowa na wucewa da gudu, kuma ban ga laifin kowa ba. Allah Ya jeho mana wani direban Golf na haya da ya tausaya, ya matsa fasinjojinsa ya kwashi iyalina, sannan ya ɗaura wa motata igiya ya ja ni har cikin gari.

Washegari a gareji aka gano abin da ya faru. Tiyon ruwa na ƙasa ne ya tsage, ruwan lagireto ya tsiyaye a hankali, injin ya yi ta ƙuna har gasket ɗin sama ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Da na tambayi dalilin da ya sa allura ba ta motsa ba, sai mai wayarin ya ɗago wata 'yar waya da aka yanke aka naɗe da baƙin salatif ya ce, "Alhaji, ai wannan allurar ta daɗe da rasuwa." Nan take na tuna. Watanni kafin nan na kai motar wajen wani bakanike ina kukan allura tana hawa sama. Da na dawo ɗauka ya ce mini, "Ranka ya daɗe, yanzu motarka ta zama firji." Na biya shi har da tukuici. Ashe lagireton da ya toshe yana nan yadda yake, mai ba ni labari kawai aka kashe.

Abin da ya sa na kawo wannan labari, ya mai karatu, shi ne na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Mafi yawan motocin da ke bin hanyoyinmu gwanjo ne, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, sun ci zamaninsu a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu. Irin wannan mota tamkar tsoho ce, ta fi buƙatar a saurari kokenta. Mu kuwa mun mayar da rufe mata baki al'ada. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk mai tsohuwar mota a wannan yanki ya kamata ya fara kashe kuɗinsa a kan ma'aunan da za su gaya masa gaskiyar lafiyar injinsa kafin ya kashe ko sisi a kan ado, kuma ya tabbatar wanda ya san aikin ne ya sanya masa su.

Hanyoyin da muke bi mu rufe wa mota baki sanannu ne. Akwai fitilar nan mai hoton injin wadda direbobi ke kira cek. Idan ta kama ta ƙi mutuwa, sai a liƙa mata salatif, ko a buɗe allon gaban direba a cire ƙwanta ɗungurungum, musamman in za a kai motar kasuwa. Akwai cire tamostat, wato ƙaramin makullin da ke tsare ruwa a cikin injin har sai ya ɗumama, wanda a yawancin motoci yake buɗewa tsakanin digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyos. Kusan duk motar da ta shigo ƙasar nan sai an ce wa mai ita wannan abu na ƙasashen sanyi ne, a cire a jefar, sannan a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyi tun daga tayar da mota har kashe ta. Sakamakon haka shi ne injin ya daɗe bai kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, musamman da safiyar hunturu, kwamfutar motar kuma ta ci gaba da ƙara masa mai tana zaton bai ɗumama ba. A lokacin da litar fetur take ƙasa da Naira 200 ana iya kawar da kai daga wannan asara. Amma tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, har lita ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, wannan ɓarna ta zama abin da aljihu ke ji kullum.

A ɗaya gefen kuma, shiga kowace rumfar masu sayar da kayan mota ka ga abin da muke rububi a kai. Fitilu masu launi-launi da ake zagaye ƙafafun fasinja da su, allon kallo mai faɗin faranti, lasifikar da ke girgiza unguwa, baƙin gilashi, da fitilun gaba masu kashe idon wanda ke tahowa. Na ga motar da aka kashe wa kuɗin da ya kai albashin wata guda wajen irin wannan ƙawa, alhali gejin manta bai aiki, mai ita da lissafin kai yake sanin ko tanki ya kusa ƙarewa. Mu da muke kiran kanmu 'yan boko, malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma, ba mu tsira daga wannan ba. Mutum ya san amfanin auna hawan jini, ya san ba a yi wa marar lafiya magani da ka, amma motar da yake ɗora 'ya'yansa a ciki yana tuƙa ta cikin duhun kai.

Ma'aunai uku ne nake ganin sun wajaba, kuma duk ana samun su a kasuwa, ana iya ƙara su a kusan kowace mota.

Na farko shi ne ma'aunin zafin ruwa mai nuna lamba. Injin da ke da lafiya yakan yi aiki ne a wajajen digiri 85 zuwa 100. Ruwa yana tafasa a digiri 100 idan a buɗe yake, amma murfin lagireto mai kyau yana matse shi yadda ba zai tafasa ba sai ya kusa 120. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai 'yan mintoci da direba zai iya ceton injinsa, ya kashe na'urar sanyaya mota, ya sami wuri mai jama'a ya tsaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a motoci da dama na zamani an tsara allurar asali ta tsaya cak a tsakiya ko zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, don kada hankalin direba ya riƙa tashi, sai abu ya yi nisa take zabura. Wannan tsari yana iya dacewa da mai sabuwar mota a Jamus. Mai motar da ta shekara ashirin, yana tafe a watan Afrilu lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ga ƙura ta toshe lagireto, shi lamba yake buƙatar gani. Sai dai a kula da inda za a dasa sensar, wato ɗan ƙarfen da ke jin zafin. Idan a jikin tiyo aka sa ta, ranar da ruwa ya zube gaba ɗaya za ta zauna a cikin iska, tana iya nuna lambar da ba ta kai gaskiyar zafin ba. Shi ya sa ya fi kyau a ɗaura ta a jikin injin, kuma duba ruwa kowace safiya yana nan daram a wuyan direba.

Na biyu shi ne ma'aunin ƙarfin bugun baƙin mai. Jar fitilar nan mai kama da buta ba ta kamawa sai ƙarfin man ya faɗi ƙasa warwas, a motoci da yawa ƙasa da rabin bar. Kafin ta kama, sau da yawa ƙarafan ciki sun riga sun fara cin juna. Ma'auni kuwa yana nuna raguwar tun tana ƙarama, mako bayan mako, ya nuna maka man da ka saya ya tsinke ko famfon ya gaji. A ƙasar da jabun baƙin mai ya cika bakin titi, wannan ba ƙaramin mai gadi ba ne. A nan ma akwai zaɓi. Akwai irin wanda ake jawo siririn tiyo ɗauke da mai mai zafi har cikin mota, wanda in ya fashe ƙafar direba ce za ta sha. Mai aiki da lantarki ya fi aminci, domin man yana tsayawa can wajen injin, waya kawai ke shigowa. Kuma a haɗa shi ta yadda jar fitilar asali za ta ci gaba da aikinta, kada a kashe wata don a raya wata.

Na uku shi ne ma'aunin lantarki, wanda ya fi duka araha, har akwai wanda ake cusawa a ramin cajin waya. Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6 idan mota a kashe take. Da an tayar da ita ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5, alamar altaneto yana caji. In ka ga tana sauka ƙasa da 13 alhali injin yana gudu, to a kan batir kaɗai kake tafiya, kuma ba da jimawa ba fitilu za su dushe mota ta tsaya. In ta haura 15 kuwa, batir ake dafawa. Direban da ya ga haka tun yana Katsina zai tsaya a gyara, maimakon dare ya riske shi a daji.

Ga masu motocin da ba su tsufa sosai ba, akwai hanya mai sauƙi da ba ta buƙatar a yanke ko waya ɗaya. Tun daga motocin 1996, doka a Amurka ta wajabta kowace mota ta zo da soket mai ƙofofi 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu da motocin fetur a 2001. Akwai 'yar na'ura da ba ta kai girman kwalin ashana biyu ba, wadda ake cusawa a wannan soket ta riƙa aiko da bayanai zuwa wayar salula ko wani ƙaramin allo: zafin ruwa, ƙarfin lantarki, gudun injin, da kuma lambar ciwon da ya sa fitilar cek ta kama. Kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Mai irin wannan na'ura ba ya zuwa gareji a ce masa "bari mu canza wannan mu gani." Abin lura kawai shi ne soket ɗin yana ɗauke da wuta ko mota a kashe take, don haka in za a ajiye mota kwanaki sai a zare na'urar kada ta zuƙe batir. Tsofaffin Golf na haya da sauran motocin farkon shekarun 1990 ba lallai su karɓi wannan ba, su sai dai a sanya musu ma'aunai na daban.

To amma a nan ne gizo ke saƙar. Ma'aunin da aka sanya da ganganci ya fi rashinsa haɗari. Aikin da muka saba gani shi ne a fere waya da reza, a murɗa wata a kai, a naɗe da salatif, a tura ƙarƙashin kafet. Zafin rana ya narkar da gam ɗin, waya ta taɓa ƙarfe, sai ka ji an ce mota ta kama da wuta haka kawai. Babu motar da ke kamawa da wuta haka kawai. Duk abin da za a ƙara wa mota sai ya bi ta fiyus ɗinsa na kansa, daidai ƙarfinsa, kuma a ɗauko wutar daga layin da ke mutuwa idan an zare makulli. Wayar da za ta ratsa bangon ƙarfen da ya raba injin da cikin mota sai an sa mata zoben roba, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa ƙarfen ya yanke ta. Wayoyin jakar iskar da ke tare mutum lokacin haɗari, waɗanda galibi ake lulluɓe su da launin rawaya, ba a taɓa su ko da wasa. Haka nan ba a kafa ma'auni a kan murfin wannan jaka, domin ranar da ta fashe abin zai zama harsashi a fuskar fasinja. A ajiye shi inda ido zai kai cikin ƙiftawa ba tare da ya tare hanya ba, kuma haskensa ya ragu da dare. Mai wayarin da bai san waɗannan ba, kada ka ba shi makullinka ko da kyauta zai yi maka, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wani abokina injiniya ya ce mini waɗanda suka ƙera motar sun fi mu sani, abin da ya kamata shi ne a gyara ma'aunan asali su dawo aiki. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari a kan cewa wannan shi ne matakin farko, kuma ni ma da shi na fara. Sai dai masu ƙera motar ba su yi lissafin za ta shekara 25 tana aiki ba, ta bi ta hannun mutum biyar, kowanne da bakanikensa. Wani kuma ya ce yawan lambobi a gaban direba yana ɗauke hankali. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa na tsaya a kan uku, kuma na fi son masu ƙara idan lamba ta wuce iyaka. Amma wanda ya liƙa allon kallon fim a gaban sitiyari ba shi da bakin yin wannan ƙorafi. Masu cewa babu kuɗi kuwa, sai su tambayi duk wanda ya taɓa sauke injin nawa ya kashe. Abin da na biya a gyaran da na ba da labari ya isa a sanya wa motoci da dama waɗannan ma'aunai.

Akwai kuma darasi a abin da ya faru da na'urar taƙaita gudu. A ranar 1 ga Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya sanya ta. Manufar tana da kyau, amma duk mai shiga motar haya ya san yadda ake sheƙa gudu a hanyoyinmu har yau. Na'urar da aka ɗora wa mutum bai fahimci amfaninta ba, hanyar kashe ta zai nema. Saboda haka ba doka nake kira a kafa ba, fahimta nake so a yaɗa. Buƙatar haka ta ƙaru yanzu da Gwamnatin Tarayya, tun daga 2023, take ƙarfafa mayar da motoci su yi amfani da iskar gas ta CNG. Wannan aiki yana zuwa da nasa makunni da ma'auni a gaban direba, ga kuma tukunyar da ake matse gas a cikinta har bar 200. Hannun da ya saba murɗa waya ya naɗe da salatif, in aka sakar masa wannan aiki ba tare da horo ba, abin da zai biyo baya ya wuce ƙonewar gasket.

Don haka ina kira ga ƙungiyar makanikai ta NATA da ta direbobi ta NURTW a Dutsin-Ma da Kurfi su mayar da yanke wayar ma'auni da cire ƙwan fitilar gargaɗi abin kunya a tsakanin 'ya'yansu, kamar yadda ake ƙyamar mai awo da ke tauye mudu. Hukumar NADDC mai kula da harkar motoci, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, da cibiyoyin koyar da sana'a na jiha, su shirya gajerun kwasa-kwasai cikin harshen Hausa ga masu wayarin mota, a koya musu karanta na'urar bincike da haɗa waya bisa ƙa'ida. Yaran nan suna da basira, wanda zai nuna musu ne babu. Jami'an duba lafiyar motoci da na KASSAROTA kuma su riƙa leƙa allon gaban direba, kada binciken ya tsaya a kan takardu. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: a murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, dukkan fitilun gargaɗi ya kamata su kama. Wadda ta ƙi kamawa, ko dai ta ƙone ko an kashe ta da gangan. Duk mai shirin sayen mota ma ya riƙe wannan gwaji.

Amma babban nauyin yana kanmu masu motoci. Bakaniken da ya yanke mini waya abin da ya ga ina so ya ba ni. Na je masa ina son allura ta sauka, ya saukar da ita. Da na tambaye shi abin da ya sa take hawa, na kuma nuna a shirye nake in biya kuɗin wanke lagireto, da wataƙila labarin ya sha bamban. Muddin muna saka wa mai kwantar mana da hankali da tukuici, muna kuma zargin mai gaya mana gaskiya da son cin kuɗinmu, to salatif ba zai ƙare a garejinmu ba.

Yau a motata akwai ƙananan ma'aunai uku a gefen sitiyari, an kuma mayar da tamostat mazauninsa. A bazarar da ta wuce, ina kan wannan hanya dai, na ga lambar zafi ta tashi daga 92 ta doshi 105. Na lallaɓa na shiga Kurfi, na tsaya kusa da masu shayi, aka duba aka tarar fiyus ɗin fanka ne ya ƙone. Kafin in gama shan kofi ɗaya an canza shi, na isa gida yara ba su ma san an yi wani abu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gidansa lafiya.